Alif Ɗaya

Ni ne tafintan kotu a Adum.
Shekara goma sha tara ina dakon magana
daga bakin wani zuwa kunnen wani,
kamar mai ɗaukar kaya a Kejetiya,
ban taɓa kayar da ko tsinke ba
sai ranar da aka miƙo mini takardar Alhaji Mumuni.

Mai goro ne, mutumin Aboabo.
Ya bar gida mai ɗaki goma sha huɗu,
rumfa biyu, gonar koko a hanyar Ofinso,
da layi ɗaya tal na biro shuɗi.
Jikansa ɗan aji huɗu ya rubuta,
tsoho ya dangwala yatsa a ƙasa:
"Gadona na Barikisu ne."

Barikisu agola ce.
Uwarta ta shigo da ita goye, ta rasu ta bar ta.
Ita ta yi shekara bakwai tana juya shi
hagu da dama, kada baya ya ruɓe,
tana dama masa koko kafin ta fita da tukunyar wake da shinkafa.

Tahiru ya sauka daga Jamus da agogo mai nauyi,
Issaka ya taso daga Tema, lauya na bin bayansa.
Suka ce: gadon kwanciya Baba yake nufi,
na ƙarfen nan mai ƙara, ta ɗauka, har da katifa mun yafe.
Lauyanta ya miƙe ya gyara gashin dokin da ke kansa:
gadon dukiya ne, Mai Shari'a, har da kajin tsakar gida.

Mai Shari'a Batone ne, ba ya jin Hausa.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Malam Seidu, kalma ɗaya ce, faɗa mana."

Ranka ya daɗe, kalma biyu ce ta sa riga ɗaya.
In ka ja numfashi, gida ne da gona.
In ka gajarce, ƙafa huɗu ce da tsatsa.
Boko ba ya rubuta numfashi.
Da tsoho ya yi da ajaminsa,
da alif ɗaya, siriri kamar asawaki,
ya tsaya ko ya ƙi tsayawa, kowa ya koma gida.

A kira shaidu.
Ɗaya yana Tafo, kusa da mai wasiyyar, ƙasa ta rufe su.
Ɗayan ya ce ranar kunnensa na ruwa.
Yaron ya fashe da kuka: shi abin da ya ji ya rubuta,
Kaka kuwa ba haƙori, kuma ana ruwan sama a kan kwano.

Liman ya zo ya ce ko ma wanne ne, sulusi ne iyaka.
Lauyoyi suka ce wannan wata shari'ar ce, sai an sake biya.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Rumfa ɗaya ta tafi a kuɗin zama na shida,
koko ya baƙanta a bishiya ba mai tsinka,
ɗakin tsoho na kulle da kwaɗo uku, kowa da nasa.

A zama na goma sha ɗaya
Barikisu ta ɗaga hannu, ba a ba ta izini ba.
Hannun duk tabon garwashi.
Ta ce, "Na gaji. Ni dai a ba ni gadon."

Kotu ta yi tsit, fanka kaɗai ke juyi.
Kowa ya waiwayo gare ni.
Wallahi na kasa kunne, aikina ke nan,
amma kuka ya karya mata murya daidai kan harafin,
ban ji ta ja ba,
ban ji ta gajarce ba.

An ɗage zuwa bayan Sallah.